Zanzaro Ya Zo Duba Aiki

In aka tambayi Gwaggo Tasalla wa ya koya mata gini,
sai ta nuna gindin rumbu da haɓa:
"Ga shi can, mai siririn ƙugu.
Shi ya fara, ni kwaikwayo na yi."

Zanzaro ke nan. Ya je bakin rijiya,
ya ɗebo laka daidai ƙwayar gero,
ya dawo, ya liƙa, ya koma.
Ba ya gaggawa, ba ya zama.
Tana yarinya ta taɓa ƙirga masa sawu
har ƙirgen ya ɓace mata,
tuwo ya ƙone, ta sha duka,
washegari ta koma kallo.

Yumɓunta na kududdufin hanyar Sandamu ne,
can ƙasa da inda shanu ke sha.
Takan ɗanɗana shi a harshe.
In ya yi danƙo ta haƙa,
in ya yi yashi ta tofar, ta ƙara gaba.
Kwana biyu a jiƙe, a zuba ƙaiƙayi,
sannan dunduniya ta shiga
har sai laka ta daina gardama.

Cikin tulu, wajen kabewa ta aro shi.
Wuyan kuma na balbela ne
lokacin da ta tsaya sauraron ruwa.
Zanen kafaɗa, sawun ƙadangare a kan rairayi.
Ɗigo-ɗigon nan da mata ke so
bayan zabuwa ne, da tsinken tsintsiya take yin shi.
Ta goge da 'ya'yan kuka a zare
har fuskarka ta fito a jikin ƙasa.

Akwai na yara kuma:
asusu mai siffar kunkuru,
bushiya da ta tsunkule wa ƙaya ɗai-ɗai,
kurciya a zaune kamar tana kan ƙwai.
Ba ta yi wa ko ɗaya ido.
Na tambaya, ta ce,
"Ido na Mai ba da ido ne.
Ni iyakata laka."

Ni kuwa robobi nake sayarwa a Daura,
bokiti shuɗi, bokiti ja, jarka, buta.
Ba sa fashewa.
Ba sa sanyaya ruwa.
Ba ta taɓa yi mini gori ba,
sai dai in na zo da ƙishi
takan miƙo moɗa daga randa, ta yi shiru,
ta bar haƙorana su yi bayani.

Shekarar da yana ta rufe mata ido
ta ce sai ta gina randa ɗaya.
Da tafin hannu ta gani,
tana zagaya ta da baya-baya
tana yi mata magana ƙasa-ƙasa.
Muka jera kara da kashin shanu, muka sa wuta.
Can tsakar dare muka ji ƙas!
Tun kafin toka ta huce ta san wacce ce.

Tsaga daga baki har ciki.
Na ce zan nemo siminti.
Ta ce, "Bar ta.
Ƙasa ce, ta tuna da gida."
Muka jingine ta bayan ɗaki.

Gwaggo ba ta ga shukar bana ba.

Da ruwa ya zauna na zo kwashe kayanta:
matattaɓi, tsingaro, zaren 'ya'yan kuka,
kurciyoyi huɗu da ba a gasa ba.
Na zagaya baya don randar,
sai na tarar da ɗakuna uku na laka
a jere cikin tsagar,
ɗanyu, ɗayan ma ba a rufe shi ba.

Na tsaya da buhu a hannu.
Sai ga shi ya dawo daga rijiya
da ƙwayar geronsa,
ya kewaye kaina sau ɗaya,
ya sauka, ya ci gaba da liƙi.

Na mayar da buhun kan babur.
Randar tana nan.